RA'AYI: TSUFA A KURMI, WA ZAI RIƘE HANNUN DATTAWAN ZANGO?

Akwai wata magana da ta daɗe tana bukatar a zauna a kanta a zangunan 'yan Arewa da ke Kurmi, amma kullum sai a kauce mata, watau maganar mutanen da tsufa ya cim musu a nan. Duk wanda ya bi ta Sabo a Badun, ko Agege da Idi-Araba da Obalende a Ikko, ko Sabon Shagamu, ko wuraren zaman 'yan Arewa a Anacha da Inugu da Fatakwal, ya san su. Su ne dattawan da ke riga kowa zuwa masallaci da asuba, su kuma rage a kan tabarma bayan kowa ya tafi kasuwa. Waɗansu masu gadi ne a da, waɗansu 'yan dako, waɗansu dillalan shanu da goro, waɗansu mahauta. Akwai kuma tsofaffin mata da suka ciyar da rabin unguwa da tuwo da koko shekara da shekaru. Yau ƙarfi ya ƙare, abin da ya rage kuwa shi ne yadda za su ƙarasa kwanakinsu, ko cikin kwanciyar rai ko cikin ƙunci.

Ba yau aka fara zaman Kurmi ba. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912 shanu suka riƙa gangarowa, goro yana hawa. An keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Badun a 1916, kuma cikin shekarun 1950 har birnin Inugu ya zaɓi ɗan Arewa, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garinsa na farko. Amma yawancin tsofaffin da ake gani yanzu daga baya suka zo. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, ya koro samari masu yawa daga ƙauyukan Sakkwato da Katsina da Kano da Barno da ƙasar Nijar, kuɗin man fetur kuma ya buɗe ayyukan gini da gadi a biranen Kudu. Saurayin da ya sauka a tashar Iddo yana ɗan shekara 20 a 1973, shekarar da Naira ta maye gurbin fam da sule, yau ya haye 70. Da yawansu cin rani suka ce sun zo, da niyyar komawa kafin ruwan shuka. Damina 50 ta wuce suna nan.

A da akwai tsarin da ke riƙe irin waɗannan mutane. Wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna da mutanen Sabon Badun a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa littafi a kansu a 1969, ya bayyana yadda maigida yake ba baƙo masauki da abinci, ya tsaya masa wajen bashin shanu, yaransa kuma ya yi musu aure ya riƙe su kamar 'ya'yan cikinsa. Wanda ya yi wa maigida hidima da ƙuruciyarsa ba ya rasa ɗakin kwana da ƙwaryar tuwo idan ya tsufa. To, zamani ya juya. Tirela da wayar hannu da tura kuɗi ta banki sun rage bukatar fatake ga masu masauki, manyan gidajen da ke ɗaukar baƙi da yawa an raba su gado ko an sayar, kuɗin haya kuma ya fi ƙarfin talaka. Tsohon tsari ya yi rauni, ba a kuwa kafa wani a madadinsa ba.

SHAƘUWA

Abu na farko da ya kamata jama'a su gane shi ne, abinci kaɗai ba ya riƙe tsoho. Likitan nan na Ingila, John Bowlby, wanda ya rubuta littattafai 3 a kan shaƙuwa tsakanin 1969 da 1980, ya nuna cewa ɗan Adam yana bukatar wani da zai jingina da shi sa'ad da tsoro ko ciwo ya zo, kuma wannan bukata ba ta ƙarewa da yaye, tana bin mutum har tsufansa. Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara bin rayuwar waɗansu samari tun 1938 har suka tsufa, abin da ta gano kuwa shi ne waɗanda suka fi jin daɗin zamansu da iyali da abokai suna 'yan shekara 50, su ne suka fi lafiya da kwanciyar rai da suka kai 80.

Ba sai an tafi ƙasar waje ba ma. A Jami'ar Badun, Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun fara wani bincike a 2003 a kan tsofaffi fiye da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama a jihohi 8 na masu jin Yarabanci. Sakamakon da suka buga a 2007 ya nuna cewa fiye da mutum 1 cikin 4 na waɗannan tsofaffi ya taɓa fama da ciwon baƙin ciki mai tsanani a rayuwarsa, mata sun fi maza kamuwa, kuma mafi yawansu ba su taɓa samun magani ba. Wannan fa cikin mutanen da ke zaune a ƙasar iyayensu ke nan, kusa da danginsu. Mai hankali ya auna da kansa halin tsohon da danginsa ke can nesa da tafiyar kwana da yini.

Wannan ne ya kawo maganar al'adar nan ta sa tsoho a mota. Idan dattijo ya kasa, sai 'yan unguwa su yi karo-karo, a nemi direban tirela mai komawa Arewa, a ɗora shi da ɗan buhun kayansa, a ce an mai da shi gida. Lalle ga waɗansu wannan jinƙai ne, domin suna da mata da 'ya'ya da ke jiransu, suna kuma da ɗakin da suka gina da guminsu. Amma ga waɗansu yanke su aka yi daga duk abin da suka sani. Mutumin da ya shekara 45 a Agege, iyayensa sun rasu, tsararrakinsa sun ƙare, gonar gado an raba ko an jinginar, waɗanda zai tarar a gidan kuwa 'ya'yan ƙannensa ne da ba su taɓa ganin fuskarsa ba. A waɗansu sassan Zamfara da Sakkwato da Katsina 'yan bindiga sun tashi ƙauyukan ɗungurungum, haka kuma a Barno tun bayan rikicin da ya ɓarke a 2009. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abokin hirarsa yana nan, mai shayin da ke ba shi bashi yana nan, maƙwabcinsa Bayarabe da ke kiransa Baba yana nan, wataƙila kabarin matarsa ma yana nan.

Saboda haka tilas ne a riƙa tambayar tsoho kafin a yanke masa hukunci. Wanda ya ce gida yake so, a taimake shi ya koma da mutunci, a haɗa shi da ɗan rakiya, a tabbata akwai wanda zai karɓe shi, sa'an nan a ci gaba da bin sawunsa ta waya. Wanda kuwa ya ce nan ne gidansa, babu wanda ke da ikon kiransa baƙo, balle 'yan'uwansa 'yan Arewa su zama su ne masu gaggawar rabuwa da shi.

FATA NAGARI

Abu na biyu shi ne fata. Waɗansu suna zaton wanda ya kai 70 ba shi da sauran abin da yake sa rai a kai, alhali kuwa duk wanda ya zauna da dattawan zango ya san burinsu. Suna so su sauke farali, suna so su ga sun aurar da 'ya'yansu sun kuma ga jikoki, suna so idan ta Allah ta kasance a sami jama'a a jana'izarsu. Mutum yana iya jure yunwa da ciwon gwiwa muddin yana da abin da yake jira. Ranar da ya tabbata babu wanda zai zo, babu kuma abin da zai faru gobe wanda ya bambanta da yau, ranar ce yakan daina cin abinci sosai, ya rage magana, ciwon da yake ɗauke da shi kuma ya sami hanya.

Abubuwa da yawa sun taru sun karya wa wannan tsara fatansu. Kuɗin kujerar Makka ya haura Naira miliyan 8 a 2025, abin da ya fi ƙarfin mai gadi. Rikice-rikicen da aka sha sun cinye dukiyar da aka tara a hankali: Shagamu a watan Yuli 1999, Ketu da Mile 12 a Nuwamba na wannan shekara, Idi-Araba a Fabrairu 2002, Mile 12 kuma a Maris 2016, da kasuwar Shasha ta Badun a Fabrairu 2021. Saurayin da rumfarsa ta ƙone yana iya cin bashi ya sake tashi. Dattijo ɗan shekara 68 ba shi da shekarun sake tashi. Daɗin daɗawa, ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023 sa'ad da aka sauya fasalin Naira ya fi taɓa waɗanda ba su da asusun banki, tsofaffi kuwa su ne kan gaba a cikinsu.

Duk da haka, fatan tsoho ba ya bukatar miliyoyi kafin ya rayu. Yana rayuwa da sanin cewa ran Juma'a wane zai zo ya gaishe shi, cewa ɗansa zai buga waya ran Lahadi, cewa jibi akwai suna kuma shi za a kira ya yi addu'a. Babban abin da ke kashe zuciyar dattijo shi ne ya ga ba a bukatarsa. Alhali kuwa zango yana bukatarsa ƙwarai. Shi ya san wane gida ne na wane, shi ya san yadda aka yi sulhu da masu gari a rikicin baya, shi ke jin Yarabanci ko Ibo irin na manya wanda ake shiga fada da shi. Yaran da aka haifa a Ikko da Badun da yawa Hausarsu ta gauraye, ba su san sunan ƙauyen kakansu ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Duk shugaban kasuwa da ke zaman sulhu ba tare da dattijo a gefensa ba ya yi wa kansa asara, ya kuma hana wani bawan Allah dalilin tashi da safe.

IMANI

Abu na uku, wanda shi ne ginshiƙin sauran, shi ne imani. Babu mai musun cewa addini ne ya riƙe zangunan Kurmi. Salla biyar tana tara mutum da jama'a sau biyar a yini, kuma wanda ba a gani a sahu ba kwana biyu za a tambaya ko lafiya. Ɗariƙar Tijjaniyya da ta kafu sosai a Sabon Badun a farkon shekarun 1950 ta ba baƙi wazifa da zikirin Juma'a, watau wurin zama tare kowace rana da 'yan'uwan da ba na jini ba. Tafsirin watan azumi da karatun tsakanin magariba da lisha suna yin irin wannan aiki a masallatan kowane ɓangare. Haka nan 'yan Arewa Kirista da ke taruwa a majami'un da ake sujada da Hausa, irin na ECWA da COCIN da EYN, suna samun dangi a zumuntar mata da ta maza. Bayan taron jama'a kuma, imani yana ba tsoho abin da kuɗi ba ya saya, watau sanin cewa wahalarsa ba ta tafi a banza ba, mutuwa kuma ba ita ce ƙarshen labari ba. Shi ya sa ake samun dattijon da ba shi da komai amma fuskarsa a sake, wadatar zuci ta ishe shi.

Amma a nan ne kuma ake yin wani kuskure babba. Sau da yawa akan mai da tawakkalin tsoho hujjar yin watsi da shi. Sai a ce ai Baba ya koma ga Allah, ba ruwansa da duniya, sai haƙuri. Haƙuri nasa ne, amma kula da shi wajibin waɗanda ke kewaye da shi ne, kuma addinin da ya umurce shi da haƙuri shi ne ya ɗora musu wannan nauyi. Aya ta 23 da ta 24 ta Suratul Isra'i sun ambaci iyayen da tsufa ya riska a hannun 'ya'yansu, sun hana ko da nuna musu ƙosawa da baki. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa masu cin zakka, fakirai da miskinai da matafiyin da guzuri ya yanke wa suna ciki. Hadisi ya yi kashedi ga wanda ba ya girmama manya. Littafi Mai Tsarki na Kirista shi ma ya sa girmama uwa da uba cikin dokoki goma.

Har ila yau ya kamata a daina ɗaukar baƙin cikin tsoho a matsayin raunin imani. Suratu Yusuf ta ba da labarin Annabi Yakubu, wanda ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ga shi kuwa Annabin Allah ne. Bai yanke ƙauna ba, ya ma hori 'ya'yansa kada su yanke, ganinsa kuma ya dawo ne sa'ad da rigar ɗansa ta iso gare shi. Wannan ƙissa ta haɗa abubuwan nan uku wuri guda, ta nuna cewa mai imani ma yana kewa, kuma maganin kewa shi ne a sada shi da wanda yake kewa. Dattijon da ya daina barci, ya daina ci, yana yawan kuka ko yana cewa gara ya mutu, a yi masa addu'a a kuma kai shi ga likita, domin wannan ciwo ne da ake magani.

Wani abin lura kuma shi ne, ranar da ƙafa ta kasa kai tsoho masallaci, ranar ce yake rasa jama'arsa, daidai lokacin da ya fi bukatarsu. Tsofaffin mata sun fi shiga wannan hali, musamman gwauraye da waɗanda Allah bai ba haihuwa ba, domin su tun farko ba su da dandalin ƙofar masallaci. Idan gigin tsufa ya kama irin wannan baiwar Allah ta fara sambatu ko ta ɓace hanya, maimakon tausayi sai a ji ana raɗe-raɗin maita. Wannan zalunci ne, kuma aikin limamai ne su faɗa a kan mumbari cewa gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne da ke iya kama kowa.

INA GWAMNATI?

A takarda dai an yi tanadi. Sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci kula da tsofaffi cikin manufofin ƙasa, sai dai yana cikin babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama a duk inda ya so. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusu domin marasa ƙarfi. Jihar Ekiti ta taɓa fara ba tsofaffi matalauta Naira 5,000 a wata a 2011. Amma dokar fansho ta 2004 da gyaranta na 2014 masu albashi suka fi amfana, ɗan dako da mai tuwo kuwa ba su taɓa karɓar takardar albashi ba.

Tsohon zango yana da wata matsala ta daban. Jihar da ya yi wa aiki shekara 50, ya biya harajin kasuwa da kuɗin rumfa, tana kallonsa a matsayin wanda ba ɗan asali ba. Jihar da aka haife shi kuwa ba ta san yana raye ba. Rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006. Lalle ya kamata gwamnatocin jihohin Kudu su riƙa duba zama maimakon asali wajen taimakon tsofaffi, gwamnatocin Arewa kuma, waɗanda da yawansu ke da ofisoshi a Ikko, su tuna da mutanensu ba sai lokacin rikici ko zaɓe ba.

Amma ko ƙofofin da ke buɗe ma ba a shiga. Jihar Ikko tana da hukumar rajistar mazauna, LASRRA, wadda ke yi wa duk mazaunin jihar kati ba tare da duba asalinsa ba, tana kuma da shirin inshorar lafiya mai suna Ilera Eko. Asibitin koyarwa na Jami'ar Badun ya buɗe sashe na musamman domin tsofaffi a 2012, ga shi ba nisa da Sabo. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ikko a Idi-Araba yake, maƙwabcin Hausawa. Tsoho nawa ne ke zaune cikin duhu saboda yanar ido, wadda ake cirewa da ɗan gajeren aiki? Nawa ne ɓarin jikinsu ya shanye saboda hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba? Abin da ke hana su zuwa sau da yawa shi ne rashin ɗan rakiya mai jin Turanci da zai cika takarda ya bi layi.

ABIN DA ZANGO ZAI IYA

Wani zai ce zamani ya yi tsanani, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kowa ta kansa yake yi. Gaskiya ne. Wani kuma zai ce waɗansu tsofaffin su suka jawo wa kansu, sun bar mata da 'ya'ya a Arewa ba aike ba saƙo, sun ci kuɗinsu da ƙuruciya. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, kuma ba laifi ba ne a faɗe ta domin na baya su ji. Amma hisabi na Allah ne. Jama'ar da ke iya tara kuɗin tarbar ɗan siyasa cikin kwana biyu, ta yi anko ta ɗauki makaɗa, ba za ta ce ta kasa ciyar da tsofaffi 30 ba.

Na farko, kowane Sarkin Hausawa, tare da limamai da shugabannin majami'u, ya sa a rubuta sunan duk wanda ya haura 65 a yankinsa, mace da namiji, da inda yake kwana, da ciwon da ke damunsa, da sunan garinsu da wanda za a nema idan wani abu ya faru. Littafi guda da alƙalami sun isa wannan aiki.

Na biyu, ƙungiyoyin kasuwa, na shanu da goro da tumatir da albasa da hatsi da canji, su ware wani ɗan abu daga kuɗin da suke karɓa a kan kowace mota a zuba a asusun tsofaffi. A sa asusun a banki da sa hannun mutum uku, a karanta lissafinsa a bainar jama'a kowane wata uku, domin rashin lissafi shi ya kashe asusu da yawa a zanguna.

Na uku, attajirai su tuna da maƙwabtansu wajen fitar da zakka. Aika ta gida abu ne mai kyau, amma miskinin da ke kwana a barandar masallacin da mutum yake salla yana da nasa hakki. Wanda Allah ya hore wa gida ya keɓe ɗaki ɗaya ya zama wakafi.

Na huɗu, samarin da suka yi makaranta su raba tsofaffin unguwa a tsakaninsu. Kowa ya ɗauki ɗaya ko biyu, ya raka su yin katin ɗan ƙasa da katin mazauna, ya kai su awon jini da duba ido, ya buga musu waya su ji muryar danginsu. Masu Keke Napep da masu mota su ɗauki nauyin kai marasa ƙafa masallaci ran Juma'a ko majami'a ran Lahadi. Matan Islamiyya da zumuntar mata su sa ziyarar tsofaffin mata cikin aikinsu na mako. Zumunci a ƙafa yake.

Na biyar, 'ya'yan da ke da iyaye a Arewa su san cewa tura kuɗi ta waya bai sauke musu nauyi duka ba. Uwa tana son jin murya, uba yana son a nemi shawararsa ko da an riga an san abin da za a yi. Wanda ya shekara uku bai je gida ba saboda neman kuɗi ya tuna cewa kasuwa tana jira, iyaye ba sa jira.

Daga ƙarshe, kira ga samarin da ke cika zanguna a yau, 'yan acaɓa da 'yan ga-ruwa da masu shayi da masu wankin takalmi da 'yan gwangwan. Dattawan nan da ke zaune a bakin masallaci su ma da ƙarfinsu suka zo, su ma cewa suka yi shekara biyu za su yi su koma. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A riƙa ajiya komai ƙanƙantarta, ko ta adashi, ko ta banki, ko ta shirin fansho na masu sana'ar hannu da aka ƙaddamar a watan Maris 2019, ko ta asusun adashin aikin Hajji da Hukumar Alhazai ta ƙasa ta buɗe a 2020. A riƙa zuwa gida ana gaishe da dangi, a kafa ko da ɗaki ɗaya ne, a kuma kyautata wa iyali tun ana da abin kyautatawa. Yadda samarin yau suka riƙe tsofaffin zango, haka yaran da ke kallonsu za su koya.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 1 ga Oktoba ta kowace shekara domin tunawa da tsofaffi. Zai yi kyau kafin wannan rana ta sake zagayowa a ji cewa Sabon Badun ko Agege ko Shagamu ta buɗe littafin sunayen dattawanta ta kuma kafa asusunsu, sauran zanguna su yi koyi.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba dattawa lafiya da kyakkyawan ƙarshe, ya sa a gama da iyaye lafiya, amin.